Ƙuri'a 60: Ƙa'idar da Ta Haɗa Rikicin Kasafi da Na Zama Ɗan Ƙasa a Amurka

Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwana 43 cur, gwamnatin tarayyar Amurka ta zauna ba ta da izinin kashe kuɗin tafiyar da ma'aikatunta. An ce wa dubban ɗaruruwan ma'aikata su zauna a gida. Waɗanda aikinsu ba ya jira, irin su masu kula da tashi da saukar jiragen sama, suka ci gaba da fita ba albashi, har ƙarancin ma'aikata ya sa hukuma ta rage tashin jirage a manyan filaye 40. Tallafin abinci da mutum wajen miliyan 42 ke dogaro da shi ya shiga halin ƙila-wa-ƙala. Duk wannan kuwa ya faru ne a lokacin da jam'iyya ɗaya ke riƙe da komai. Rifablikan ke da shugaban ƙasa, su ke da rinjaye a Majalisar Wakilai, su ke da kujeru 53 cikin 100 na Majalisar Dattawa. To, ta yaya mai rinjaye zai kasa zartar da kasafinsa?

A Majalisar Dattawan Amurka 53 ba ta isa ba. Kafin a kai ga jefa ƙuri'a a kan yawancin ƙudirori, sai sanatoci 60 sun yarda a rufe muhawara. Idan 41 suka ƙi, ƙudiri ya kwanta ke nan, ko da 59 na son sa. Wannan dabara ta hana ruwa gudu ita ake kira filibasta.

A shekarar ne kuma aka yi ta fafatawa a kotuna kan umarnin Shugaba Donald Trump na hana wasu jariran da aka haifa a Amurka zama 'yan ƙasa. A ido batutuwa uku ne daban-daban: ƙa'idar zaman majalisa, kuɗin gwamnati, da matsayin jarirai. Amma igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Majalisar da ta ɗora wa kanta sharaɗin 60 ta daina yanke hukunci a kan manyan batutuwa. Su kuwa batutuwan suna nan da ransu, sai suka koma neman mafita a alƙalamin shugaban ƙasa, da zauren kotu, da ranar ƙarewar kasafi.

Ƙa'idar da ba ta cikin Kundi

Kundin Tsarin Mulkin Amurka na 1787 ya lissafa wuraren da ake buƙatar kashi biyu cikin uku: amincewa da yarjejeniya da wata ƙasa, cire shugaba daga mulki, korar ɗan majalisa, tsallake ƙin sa hannun shugaban ƙasa, da gyaran Kundin kansa. Doka ta yau da kullum ba ta cikin jerin, kuma da gangan aka bar ta. Tsarin da jihohi 13 suka fara gwadawa bayan samun 'yanci ya buƙaci yardar tara kafin a yi wani babban abu, gwamnati kuwa ta zama gurguwa. Alexander Hamilton da James Madison, daga cikin waɗanda suka tsara Kundin, duk sun yi gargaɗi a rubuce cewa irin wannan sharaɗi yana miƙa linzami ne ga marasa rinjaye.

Filibasta tsintar ta aka yi, ba wanda ya zauna ya tsara ta. A 1806, bisa shawarar da Aaron Burr ya bayar lokacin da yake barin kujerar mataimakin shugaban ƙasa, Majalisar Dattawa ta share wata ƙa'ida ta yanke muhawara saboda ba a cika amfani da ita ba. Sai daga baya aka farga cewa babu sauran hanyar zaunar da sanata idan ya miƙe yana magana. Majalisar Wakilai ta riƙe tata, shi ya sa har yau rinjayen mutum ɗaya ya wadatar a can.

Haka aka tafi fiye da shekara ɗari. A Maris 1917, wasu 'yan tsirarun sanatoci suka cinye lokacin majalisa da surutu don hana Shugaba Woodrow Wilson ɗora makamai a jiragen ruwan kasuwanci, alhali jiragen ƙarƙashin teku na Jamus na nutsar da su. Fushin da ya biyo baya ya haifar da Ƙa'ida ta 22, wadda ta ba kashi biyu cikin uku ikon rufe muhawara. A 1975 aka sauke adadin zuwa kashi uku cikin biyar, wato 60.

A mafi yawan ƙarni na 20, babban aikin da filibasta ta yi shi ne gadin wariyar launin fata a jihohin Kudu. A 1922 Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudirin da zai mai da kisan gillar da gungun farar fata ke yi wa baƙaƙe laifin tarayya. Sanatocin Kudu suka kashe shi, suka kuma kashe irinsa a shekarun 1930. Sai a 2022 aka samu wannan doka, shekara ɗari cif. A 1957 Sanata Strom Thurmond ya tsaya yana magana awa 24 da minti 18 don hana dokar 'yancin baƙaƙe. Babbar Dokar 'Yancin Jama'a ta 1964 ma sai da aka kwashe watanni ana ja kafin a rufe muhawara da ƙuri'a 71 da 29.

Amma a wancan zamani mai toshe hanya yana shan wahalar abin da ya ɗauko. Sai ya tsaya da ƙafarsa, muryarsa ta dishe, duk wani aikin majalisa ya tsaya cik, jama'a kuma suna ganin wanda ya tsayar da shi. A farkon shekarun 1970, jagoran masu rinjaye Mike Mansfield ya kawo tsarin da zai ba majalisa damar ajiye ƙudirin da aka toshe ta ci gaba da wasu ayyuka. Nufinsa sauƙaƙa aiki, amma wanda ya fi samun sauƙi shi ne mai toshewa. Yau ba ya buƙatar ya buɗe baki. Ya isa ya aika wa jagoran jam'iyyarsa cewa bai yarda ba, sai nauyin nemo mutum 60 ya hau kan masu rinjaye. Buƙatun rufe muhawara, da ake ƙirgawa da yatsu a zangon majalisa guda a shekarun 1960, yanzu ɗaruruwa ne. Dogon jawabi da toshe doka ma sun raba hanya: lokacin da Sanata Cory Booker ya yi magana fiye da awa 25 a 2025 ya zarce Thurmond, zanga-zanga yake yi, babu wani ƙudiri da yake tarewa.

Kowa ya huda tasa ƙofar

Duk jam'iyyar da ta hau tana jin zafin wannan ƙa'ida, sai ta huda ƙofa daidai buƙatarta. Ta farko ita ce hanyar daidaita kasafi da dokar 1974 ta samar. Ƙudirin da ya shafi haraji da wasu kuɗaɗe kai tsaye yana wucewa da ƙuri'a 51, muhawararsa kuma ba ta wuce awa 20. Ta nan Trump ya rage haraji a 2017, ta nan Joe Biden ya bi da manyan dokokinsa na 2021 da 2022, ta nan kuma babbar dokar haraji ta Yulin 2025 ta wuce 51 da 50, bayan Mataimakin Shugaba JD Vance ya raba gardama. Sai dai ƙofar tana da mai gadi. Ƙa'idar da ke ɗauke da sunan Sanata Robert Byrd ta hana cusa abin da ba na kuɗi ba ne. Da ita jami'ar fassara dokokin majalisar, Elizabeth MacDonough, ta hana Dimokurat saka ƙarin mafi ƙarancin albashi da ba baƙin haure takardun zama a 2021.

Ƙofa ta biyu ta naɗe-naɗe ce. A Nuwamba 2013, da Rifablikan suka dinga tare mutanen da Barack Obama ke naɗawa, jagoran Dimokurat Harry Reid ya yi amfani da rinjaye mara yawa ya cire sharaɗin 60 a kan ministoci da alƙalan ƙananan kotunan tarayya. A Afrilu 2017 Mitch McConnell na Rifablikan ya faɗaɗa ƙofar ta haɗa da Kotun Ƙoli. Alƙalai uku da Trump ya naɗa a zangonsa na farko, Neil Gorsuch da Brett Kavanaugh da Amy Coney Barrett, babu wanda ya kai 60: ƙuri'a 54, 50 da 52 suka samu. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Abu biyu suka fito daga nan. Na farko, sanatoci 51 na iya sauya ƙa'idar duk ranar da suka ga dama, don haka 60 tana raye ne saboda masu rinjayen da kansu suna son ta rayu. Na biyu, ma'aunin ya karkace. Alƙalin da zai zauna a kujera har ƙarshen ransa yana wucewa da 51, rage haraji na tiriliyoyin daloli ma haka, amma albashin mai gadin gandun daji na wata mai zuwa sai an tara 60.

Ranar da kasafi ke ƙarewa

Kundin ya ce ba a fitar da ko sisi daga baitulmali sai da izinin doka. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Oktoba, kuma kafin ranar ya kamata majalisa ta zartar da ƙudirorin kasafi 12. Tun da aka kafa tsarin na yanzu a tsakiyar shekarun 1970, sau huɗu kacal aka kammala su duka a kan lokaci, na ƙarshe a 1996. Abin da aka saba shi ne kasafin wucin gadi na makonni ko watanni, a ci gaba da kashewa kamar bara. Wannan ma ba ya bi ta hanyar 51.

Kafin 1980, idan izinin ya ƙare, ma'aikatu suna ci gaba da aiki da tsammanin majalisa za ta cike giɓin. Antoni Janar na zamanin Jimmy Carter, Benjamin Civiletti, shi ne ya fassara wata tsohuwar doka ta ƙarni na 19 da cewa dole aiki ya tsaya, ban da wanda ya shafi kare rai da dukiya. Daga wannan fassara aka samu abin da ake kira rufe gwamnati. Ba komai ke tsayawa ba. Fansho da inshorar lafiyar tsofaffi da kuɗin ruwan bashi suna da dokokinsu na dindindin. Kusan rubu'in abin da gwamnati ke kashewa ne ake rigima a kai, amma a cikinsa ne albashin soja da ma'aikata yake.

Ƙasashe da yawa sun toshe wannan rami tun a tsarinsu. A Ingila, gwamnatin da ta kasa zartar da kasafi ta faɗi ke nan, sai a kafa wata ko a koma zaɓe. A Najeriya, Sashe na 82 na Kundin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashewa har wata shida bisa ma'aunin bara. Amurka ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun.

Idan aka dubi manyan rufe-rufen, za a ga jimillar kuɗi ba kasafai ce asalin rigimar ba. A 2013 an rufe kwana 16 saboda Rifablikan na son karya dokar inshorar lafiya ta Obama. A Janairu 2018 an rufe kwana uku saboda Dimokurat na neman kariya ga matasan da aka shigo da su ƙasar tun suna yara ba takardu. Daga Disamba 2018 aka rufe kwana 35 kan dala biliyan 5.7 da Trump ke so don katangar iyakar Meksiko. A 2025 kuma Dimokurat suka ƙi ba da ƙuri'unsu sai an tsawaita tallafin sayen inshorar lafiya da zai ƙare a ƙarshen shekara. Ba duka za a ɗora wa filibasta ba, domin na 2013, kamar na kwana 21 na zamanin Bill Clinton, rikici ne tsakanin shugaba da majalisar da 'yan adawa ke riƙe da ita. Amma na Janairu 2018 da na 2025 aikin 60 ne zalla.

Dalilin a fili yake. Idan kusan babu wata babbar doka da ke wucewa, kasafi ne kaɗai ƙudirin da ba makawa sai an zartar. Ya zama kamar ranar kasuwa ga mai bin bashi: ranar ce kawai yake da tabbacin ganin wanda ke ɓuya masa, don haka duk wata tsohuwar magana a ranar za a tayar da ita.

A 2025 wani sabon abu ya ƙara dagula lissafin. Dokar 1974 ta ba shugaban ƙasa damar neman majalisa ta soke kuɗin da aka riga aka ware, kuma sokewar da 51 take wucewa. A Yuli Rifablikan suka soke kusan dala biliyan tara, galibinsu na agajin ƙasashen waje, sauran na kafofin watsa labarai na jama'a. Dimokurat suka ce: ana neman ƙuri'unmu a ƙulla, ba a neman su a kwance, to me ya sa za mu yarda da kowace yarjejeniya?

Duk da haka, wanda ya rufe gwamnati ba ya cika samun abin da ya nema. Dokar Obama ta tsira a 2013. Trump ya buɗe gwamnati a Janairu 2019 ba kuɗin katanga, sannan a Fabrairu ya ayyana dokar ta-ɓaci ya karkato kuɗin soja, wato ya koma ga alƙalami. A 2025 sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat suka mara wa Rifablikan baya, aka samu 60 da 40, abin da suka karɓa kuwa alƙawarin jefa ƙuri'a ne kan tallafin. An jefa ta a Disamba, ba ta kai 60 ba. Ofishin kasafi na majalisa ya ƙiyasta cewa rufewar kwana 35 ta ci tattalin arziki dala biliyan 11, uku daga ciki ba za su dawo ba. Ma'aikatan gwamnati dokar 2019 ta ba su haƙƙin karɓar albashinsu daga baya. Masu shara da gadi da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila ba su da wannan tabbaci.

Wanda aka haifa a nan, na nan ne?

A 1857 Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott, ta ce baƙar fata zuriyar bayi ba zai taɓa zama ɗan ƙasar Amurka ba. Bayan yaƙin basasa, Gyara na 14 na 1868 ya rushe wannan hukunci. Ya ce duk wanda aka haifa a Amurka ko aka ba shi izinin zama ɗan ƙasa, kuma yana ƙarƙashin ikon shari'arta, ɗan ƙasa ne. Duk gardamar yau a kan sharaɗin nan na biyu take.

Waɗanda suka rubuta shi sun san abin da suke yi. A muhawarar 1866, Sanata Edgar Cowan ya yi ƙorafin cewa 'ya'yan Sinawa baƙi ma za su shiga ciki. Sanata John Conness na Kaliforniya, wanda shi kansa haifaffen Ailan ne, ya amsa cewa ƙwarai kuwa, kuma haka ya dace. An gwada maganar a kotu da Wong Kim Ark, haifaffen San Faransisko, ɗan Sinawan da doka ta hana su zama 'yan ƙasa. Ya je ziyara Sin, da ya dawo a 1895 aka hana shi shiga. A 1898 Kotun Ƙoli, alƙalai shida da biyu, ta ce ɗan ƙasa ne, ta kuma ware 'yan tsirarun da ba sa ciki: 'ya'yan jakadu, 'ya'yan sojan mamaya, da 'yan ƙabilun asali masu mulkin kansu. Su na ƙarshen majalisa ta ba su ɗan-ƙasanci da doka a 1924.

Umarnin da Trump ya sa wa hannu ranar 20 ga Janairu 2025, ranar da ya koma mulki, ya ware jarirai iri biyu: wanda uwarsa ke ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, da wanda uwarsa ke da bizar wucin gadi, muddin uban ba ɗan ƙasa ba ne ko mai izinin zama na dindindin. Rukuni na biyu ya haɗa da ɗalibar da ta je digiri na uku da likitan da ke da bizar aiki, ba masu zuwa haihuwa kawai ba. Hujjar gwamnati ita ce zama ƙarƙashin ikon shari'a yana nufin cikakkiyar mubaya'a da mazauni na dindindin, kuma iyayen Wong Kim Ark mazauna ne na halal. Masu ja da ita suka ce baƙon haure ana kama shi, ana yi masa shari'a, ana ɗaure shi, wane iko kuma ya rage? Jihohi 22 suka kai ƙara. Kwana uku da sa hannu, Alƙali John Coughenour, wanda Ronald Reagan ya naɗa, ya dakatar da umarnin yana cewa saɓaninsa da Kundi a bayyane yake. A Yuni Kotun Ƙoli, shida da uku, ta rage ikon alƙali guda na dakatar da umarni a faɗin ƙasa, ba tare da ta taɓa asalin batun ba. A Yuli wani alƙali a New Hampshire ya sake tare shi ta hanyar ƙarar gamayya a madadin jariran, a Disamba kuma Kotun Ƙoli ta karɓi ainihin shari'ar.

Masu son taƙaitawa suna da maganar da ta cancanci saurare. Suna cewa tsarin yana jawo mutane su tsallaka iyaka, yana kuma ciyar da kasuwancin zuwa haihuwa, wanda gwamnati ta tsaurara wa biza tun Janairu 2020. Suna nuna cewa ƙasashe wajen 30 ne kacal ke ba da ɗan-ƙasanci ta haihuwa ba sharaɗi, galibinsu a nahiyar Amurka, irin su Kanada da Meksiko da Birazil. Najeriya ma ta jini take bi: Sashe na 25 yana duba iyaye da kakanni. Ra'ayin kuma bai taƙaita ga jam'iyya ɗaya ba, domin Harry Reid da kansa ya gabatar da ƙudirin taƙaitawa a 1993, daga baya ya yi nadama.

Masu kare tsarin suna amsawa da cewa jariri ba ya iya nema wa iyayensa takardar zama sai ya kai shekara 21, don haka ribar da ake zuzutawa ba ta kusa. Suna kuma tsoron a ƙirƙiri zuriyar da za ta gaji rashin takardu, kaka da jika. Jamhuriyar Dominika ta nuna inda hanyar ke kaiwa, lokacin da hukuncin kotu na 2013 ya bar dubun-dubatar 'yan asalin Haiti ba su da ƙasa. Duk wanda ya san rigimar ɗan asali da baƙo a garuruwa irin su Jos ya san abin da ke faruwa idan aka ce wa mutum garin da aka binne cibiyarsa ba nasa ba ne.

Akwai darasi a yadda wasu suka sauya nasu. Ingila ta daina a 1983 da dokar majalisa, Ostireliya a 1986 ita ma da doka, Ailan a 2004 da ƙuri'ar raba gardama da ta gyara kundinta. Babu inda aka yi da sa hannun mutum ɗaya. A Amurka gyaran Kundi yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da amincewar jihohi 38 cikin 50. Soke filibasta ba zai taɓa wannan katanga ba. Ko da an ce fassarar gwamnati ce daidai a kan Kundin, akwai sauran dokar 1952 da ta maimaita kalmomin, ita kuwa majalisa ce ke da ikon sauya ta, a can kuma 60 na jira.

Yadda aka kai ga alƙalami ma tarihin majalisa ne. Rabon da ta warware matsayin baƙin haure masu yawa tun 1986, zamanin Reagan. A Disamba 2010 ƙudirin matasan da aka shigo da su suna yara ya samu ƙuri'a 55 ya mutu, sai Obama ya ba su kariya da umarni a 2012. A 2013 babban ƙudirin shige da fice ya samu 68 a Majalisar Dattawa, Majalisar Wakilai ta ƙi ko duba shi. Kowane shugaba ya koyi cewa jiran majalisa ɓata lokaci ne, wanda ya gaje shi kuma ya ɗora daga inda ya tsaya.

A soke ko a bari?

Masu kare filibasta suna cewa ita ke tilasta sulhu, ita ke hana dokokin ƙasa juyawa duk bayan zaɓe, ita ce kuma garkuwar wanda ya sha kaye yau zai ci gobe. Masu suka suna cewa sulhun da ake magana ya yi ƙaura tuntuni. Suna ƙarawa da cewa majalisar tun asali ta fifita ƙananan jihohi: Wyoming mai mutum ƙasa da 600,000 tana da sanata biyu, daidai da Kaliforniya mai kusan miliyan 39. Sharaɗin 60 ƙari ne a kan fifiko.

Sai dai matsayin kowa yana bin kujerar da yake kai. Obama ya kare filibasta yana sanata a 2005, ya kira ta ragowar zamanin wariya a 2020. A 2017 sanatoci 61 suka sa hannu a wasiƙar neman a bar ta, Dimokurat da yawa a ciki. A Janairu 2022 kusan dukkan Dimokurat suka nemi a sassauta ta don dokar zaɓe, biyu daga cikinsu, Joe Manchin da Kyrsten Sinema, suka hana, aka tashi 52 da 48. A 2025 kuma Dimokurat ɗin ne suka riƙe ta a matsayin makaminsu ɗaya tilo, Trump ya buƙaci a soke ta ana tsakiyar rufewa, jagoran jam'iyyarsa a Majalisar Dattawa John Thune ya ƙi.

A ganina tambayar soke ko bari ta yi ƙunci. Batutuwan uku ba nauyinsu ɗaya ba, bai kamata katangarsu ta zama tsayi ɗaya ba. Wane ne ɗan ƙasa shi ya cancanci katanga mafi tsawo, domin shi ke tantance masu zaɓe da kansu, kuma bai dace ya riƙa sauyawa da sauyin shugaba ba. Doka ta yau da kullum ta cancanci matsakaiciya: marasa rinjaye su faɗi duk abin da ke bakinsu, a tsaye, a gaban jama'a, kamar yadda Sanata Jeff Merkley ya daɗe yana nema, idan sun gaji a jefa ƙuri'a. Biyan albashin aikin da doka ta riga ta kafa kuwa ba ya buƙatar katanga. Sanata James Lankford na Rifablikan da Maggie Hassan ta Dimokurat sun gabatar da ƙudirin da zai sa kasafin bara ya ci gaba kai tsaye idan wa'adi ya cika, 'yan majalisa kuma su zauna a Washinton har su gama aikinsu. A 2025 an ga tsarin a kife: abu mafi nauyi an gwada sauya shi da sa hannu ɗaya, mafi sauƙi kuma ya gagari mutum 53.

Abin da ke hana gyara bai tsaya a tsoron abokan hamayya ba. Sharaɗin 60 yana yi wa sanatoci rana. Yana ba kowanne damar yi wa magoya baya alƙawarin abin da ya san ba zai wuce ba, yana kuma kare shi daga ƙuri'ar da za ta iya cinye masa kujera. Mai zaɓe ne ke asara. Ya ba jam'iyya rinjaye, ba ta yi abin da ta ce ba, tana da uzuri, 'yan adawa ma suna da nasu. Muddin bai san wanda zai kama da laifi ba, ƙuri'arsa ba za ta gyara majalisa ba, shugabanni kuwa, na kowace jam'iyya, za su ci gaba da karɓe aikin da ta ajiye.